Sidi 60 na ba Baba mai littattafai, na gano asalin sunan wurin aikina

Shekara 26 ke nan ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, nan Kumasi. Kullum da safe idan na fito daga gida a Aboabo, sunan da nake faɗa wa yaron mota ke nan, shi ma shi yake ta kira har motar ta cika. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina abin da ya haɗa wurin da ake sauke inji, ana walda, ana dama baƙin mai, da kalmar da Bature yake kiran mujalla da ita ba. 'Yata ta biyu ce ta yi mini tambayar, wata Lahadi da daddare tana bitar Turanci saboda jarrabawa.

"Baba, me ya sa ake ce wa wurin aikinku magazine, alhali ko takarda ɗaya ba a bugawa a can?"

Na ba ta amsar da muka ji a bakin dattawan wurin. Makanikan farko a cikin gari suka fara taruwa, wajen da gidan namun daji yake yanzu, kusa da ma'ajiyar makaman sojan Turawa, ita kuwa ma'ajiyar makamai magazine ake ce mata. Da aka tashe su aka kai su Suame sai sunan ya bi su. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "To ma'ajiyar bindiga da mujalla fa, me ya haɗa su?" Nan na rasa ta cewa, kuma abin ya tsaya mini a rai har kwana uku.

Wannan tambayar ce ta kai ni shagon da zan ba ku labarinsa. Yana cikin wani lungu tsakanin Kejetia da Adum, bayan masu sayar da yadi. Shago ne na katako, matsattse, mutum biyu ba sa giftawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Mai shi dattijo ne ɗan Zango, tsohon malamin makaranta, ya ajiye alli ya kama sayar da tsofaffin littattafai. Da masu saye yana Twi, da ɗalibai yana Turanci, da ya ga hulata kuwa sai ya juya Hausa. Kayansa yawanci irin waɗanda ake zubowa daga waje cikin kwalaye ne, kamar yadda ake kawo gwanjo: littattafan makaranta, na masu koyon aikin jinya, na labarai, da na addinin Kirista masu yawa. Ƙamus-ƙamus suna can ƙurya, a kanta ta sama, sai an taka benci.

Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ƙamus nake nema."

Ya ce, "Ɗana, ƙamus iri biyu ne. Akwai mai gaya maka abin da kalma take nufi yau. Akwai mai gaya maka uwarta da ubanta da garin da ta taso. Wanne ya kawo ka?"

Na ce na biyun. Ya yi murmushi, ya ce shekara ta fi biyu rabon da wani ya tambaye shi irinsa. Ya koya mini cewa duk littafin da na ga an rubuta etymology a jikinsa, to shi ne mai ba da salsalar kalmomi. Ya hau benci da kansa, duk da na ce ya bari in hau, ya sauko da wani ƙato mai ƙura. Babu bango, shafukan farko sun tafi, don haka ko sunan mawallafin ban sani ba har yau. Gara ta ci gefensa ta ƙasa amma ba ta kai ga rubutu ba. Daga tsakiyar harafin W zuwa ƙarshe babu. Abin da ya sa na amince da dattijon nan shi ne duk waɗannan aibobin shi ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya tun ban taya ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake ɗora yatsa a kan tsagewar ƙarfe a rufe ta har mai saye ya biya. Shi bai yi haka ba. Ya ce sidi 90, na taya 50, muka daidaita a 60.

A tsaye a bakin shagon na buɗe harafin M. Ga abin da na tarar, da taimakon Baba wajen warware shi. Magazine ta shigo Turanci a ƙarni na 16 daga Faransanci magasin, su kuma Faransawa sun karɓa daga Italiyanci magazzino, su kuma Italiyawa, 'yan kasuwar teku, sun ɗauko daga Larabci makhazin, jam'in makhzan, wato ɗakin ajiya. Da farko rumbun kaya ce, daga baya ta fi zama rumbun albarushi da makamai, shi ya sa har yau gidan harsashin da ake ɗana wa bindiga ma sunansa ke nan. Mujalla kuwa, Baba ya ƙara mini, ta samo sunan ne a 1731, lokacin da wani mai ɗab'i a Landan, Edward Cave, ya fara fitar da takardarsa ta wata-wata ya kira ta The Gentleman's Magazine, yana nufin rumbu ce da aka tara labarai da ilimi iri-iri a ciki.

Sai da tsigar jikina ta tashi, domin tushen kalmar na san shi tun ina makarantar allo. A cikin Suratu Yusuf, inda Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi sarki ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, kalmar da ta zo ita ce khaza'in. Gida ɗaya suka fito da makhzan. Kuma direbobin Nijar da suke zuwa mu yi musu gyara, idan suna maganar ɗakin ajiyar kaya mangaza suke cewa, ita ma jikar wannan kalmar ce, ta biyo ta Faransanci. Ashe kalma ɗaya ta tashi daga ƙasar Larabawa, ta hau jirgin fatake, ta kwana a Italiya, ta kwana a Faransa, ta kwana a Ingila, ta sauka a Kumasi tare da akwatunan soja, ni kuma ina wanke 'yar'uwarta a allo ban sani ba.

Da na kai littafin gida sai matsala ta fito. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, sai da tabarau da fitila mai kyau, kuma kusan rabin kowane bayani gajerun haruffa ne: OE, ME, OF, L, Gk, da lambobin Rumawa irin su XIV da XVI. Shafin da ya kamata ya fassara su yana cikin waɗanda suka yage. Na yi dare biyu ina lalube. Ran Laraba na koma na gaya wa Baba. Bai ce ai ka gani ka saya ba. Ya zaunar da ni a benci, ya yago takarda daga tsohon littafin rubutu, ya jera mini su da hannunsa: OE tsohon Turanci ne na kafin Faransawan Normandi su ci Ingila da yaƙi a 1066, ME Turancin da ya biyo bayan haka, OF tsohon Faransanci, L Latin, harshen Rumawa, Gk Girkanci, XIV kuwa ƙarni na 14. Ya bayyana mini cewa saboda wancan yaƙin ne kalmomin mulki da shari'a da girki na Turanci da yawa suka zama na Faransa, domin an daɗe masu sarauta suna Faransanci talakawa suna nasu harshen. Dabbar da makiyayi yake kiwo cow ce, naman da ake kai wa mai sarauta beef ne. Tunkiya sheep, namanta mutton. Ko kwabo bai karɓa ba. Takardar tana nan na liƙa ta a gaban littafin, a madadin bangon da babu.

Daga nan littafin ya koma shago tare da ni, kuma a can ne ya biya kuɗinsa. Na fara bin sunayen kayan da nake sayarwa. Wanda ya fi yi mini amfani shi ne fistin. Turancinsa piston, asalinsa Italiyanci, kuma ma'anarsa ta farko babbar taɓarya, daga kalmarsu ta daka. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san ƙarar taɓarya da yamma idan gidaje suka kama dakan fufu. Shekara da shekaru ina jin mastoci suna fama da sababbin yara wajen bayyana musu yadda inji yake aiki. Yanzu idan an kawo wa maƙwabcina yaro sai in ce masa, silinda turmi ce, fistin taɓarya, sama da ƙasa, sama da ƙasa. Yaron da ya taɓa riƙe wa uwarsa taɓarya nan take yake ganewa. Wanda ya fara raɗa wa ƙarfen suna ma abin da ya gani ke nan.

Dashboard kuma, inda muke ɗaura mita da rediyo, ashe katako ne da ake kafawa a gaban keken doki don kada taɓon da kofato ya watso ya sami mai tuƙi. Doki ya tafi, taɓo ya tafi, suna ya zauna. Cab gajarcewar cabriolet ce, ƙaramin keken doki mai tsalle-tsalle a hanya, sunan kuwa daga tsallen akuya aka samo shi. Bus wutsiyar omnibus ce, kalmar Latin mai nufin na kowa da kowa. Jarkar da muke zuba mai daga jerrycan take, Jerry kuwa laƙabin da sojan Ingila suke yi wa Jamusawa ne, domin Jamusawa suka ƙera irin wannan mazubi, Ingilishi suka gani a Yaƙin Duniya na Biyu suka kwaikwaya. Mai faci da muke kira vulcanizer a nan Ghana sunansa ya taso daga Vulcan, gunkin wuta da ƙira na Rumawa, saboda da wuta da farar wuta ake ƙarfafa roba.

Akwai wata kalma da na daɗe ina gani a bayan kwantena da gefen tirela, an rubuta ta da manyan haruffa tare da lambobi: TARE. Ina yaro na ɗauka Hausa ce, tare ɗin da muka sani. Da na girma na gane nauyin mazubi ne ba kaya a ciki, wanda ake cirewa idan an hau sikeli don a san nauyin kayan zalla. Amma ban san daga ina ta zo ba. Littafin ya ce ta biyo ta Faransanci da Italiyanci, asalinta kuwa Larabci ɗarhu, abin da aka jefar ko aka cire. Waɗanda suka yi lissafi a makarantar Larabci sun san ɗarhu shi ne ɗebewa. Kalma ce da ko masu digiri da yawa ba su kula da ita ba, amma duk mai auna masara ko goro yana aiki da ita kullum: a cire nauyin buhu.

Yaran layinmu kuwa ba abin da ya kama su kamar Arsenal. Rabinsu magoya bayan ƙungiyar ne. Da na karanta musu cewa kalmar daga Larabci darus-sina'a take, wato gidan sana'a, sai gardama ta kaure. Na nuna musu a rubuce. Mutanen Benis ta Italiya suka ari kalmar suka sa wa babbar maƙerarsu ta jiragen ruwa da makamai, daga nan ta bazu. Ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan wata masana'antar makamai ce a Woolwich suka kafa ta a 1886, shi ya sa igwa take jikin tambarinta. Wani yaro mai wayo ya duba ko'ina, ga masu walda, ga masu fenti, ga masu ƙera bodi, ya ce, "Masta, ashe nan ɗin ma arsenal ne." Gaskiya ya faɗa. Sana'a ɗin da muke faɗa da Hausa ita ce rabin kalmar.

Wadda ta taɓa zuciyata ita ce mate, sunan da ake kiran yaron mota da shi a nan. Mutane suna faɗarta da raini. Asalinta daga harshen Jamusawan arewa ne, masu aikin jirgin ruwa, kuma tana nufin wanda kuke ci a akushi ɗaya, 'yar'uwar meat ce, wadda a tsohon Turanci take nufin abinci kowane iri ba nama kaɗai ba. Haka companion da company, wato kamfani: Latin ce, tare da burodi, mutanen da suke gutsurar burodi ɗaya. A Magazine har gobe akwai mastocin da suke sa hannu a kwanon wake da shinkafa ɗaya da yaransu da rana. Wanda ya yi ni, Allah ya jiƙansa, haka yake yi.

Alcohol ce ta jawo zance mai tsawo a majalisarmu ta bayan Isha'i. Wani dattijo ya ce ba zai yiwu sunan barasa ya fito daga harshen Alƙur'ani ba. Amma hanyar a bayyane take. Al-kuhl shi ne kwallin da iyayenmu mata suke sa wa ido, kalmar kwalli ma daga can muka samo ta. Masu haɗa magunguna a Turai suka ari kalmar suna kiran duk garin da aka niƙa ya yi laushi ƙwarai da ita, daga nan ta koma nufin tataccen abu, zallar abin da aka fitar daga wani abu, har aka zo ga zallar da aka tace daga giya, sai sunan ya maƙale a nan. Laifin ba na kalmar ba ne. Sugar da cotton da coffee da sofa da cipher duk ta Larabci suka bi suka shiga Turanci. Sukari da gahawa da sifiri ɗinmu 'yan'uwansu ne. A ganina Turanci zango ne babba. Baƙi sun sauka daga ko'ina, an ba su masauki, sun hayayyafa, jikokinsu sun manta garin kakanni.

To amma a nan ne littafin ya ja mini birki, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake yabonsa. Da muka ɗanɗana daɗin gano Larabci a cikin Turanci, sai kowa ya fara hango shi a ko'ina. Maƙwabcina mai sayar da batir ya rantse cewa sheriff, ɗan sandan nan mai tauraro a ƙirji na finafinan Amurka, daga sharifi yake. Ni ma na so hakan ya zama gaskiya. Muka buɗe. Ko kusa. Tsohon Turanci ne tsantsa, haɗin shire, wato gunduma, da reeve, wakilin sarki, kamar a ce hakimi. Kama da wane ba ta wane. Da na ba Baba labari ya ce ai mu ma muna da irin wannan a gida: mutane da yawa sun ɗauka boko daga book take, saboda sun yi kama a kunne, alhali masanin Hausa ɗan Amurka Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, algus, kamar yadda ake cewa amaryar boko, kuma da wannan ma'anar kakanninmu suka laƙaba wa karatun Bature ita.

Haka salary. Kowa ya taɓa jin cewa wai da gishiri ake biyan sojan Rum. Mu da kakanninmu suka yi fataucin gishiri da goro, muka san darajar gishirin Daboya da na Ada, labarin yana mana daɗi. Littafin ya tsaya a iya abin da ya tabbata: kalmar daga Latin salarium take, kuma tana da alaƙa da sal, gishiri. Bai ce an auna wa soja gishiri a mudu an ce ga albashinka ba. Lorry kuwa, motar da muka ci abinci a jikinta duk rayuwarmu, ya rubuta a fili cewa ba a tabbatar da asalinta ba. Littafin da yake iya tsayawa inda iliminsa ya tsaya, shi nake yarda da shi a inda ya yi magana. Ko a wurinmu makanikin da ya ce bari in buɗe in gani ya fi wanda ya ji ƙarar inji daga nesa ya yanke hukunci.

Inda ban ji daɗinsa ba shi ne da aka zo kanmu. Kalmar da ta fito daga Girka sai a ba ta layi shida, a bi ta kaka da kakanni. Wadda ta fito daga wajenmu sau da yawa layi ɗaya ne, wani lokaci ma a ce daga Afirka ta Yamma kawai, kamar harshe ɗaya muke yi daga Dakar zuwa Kano. Na fara da kola, domin goro ne ya kawo kakana ƙasar nan. Shi ya bi ayarin Gwanja ta Salaga kafin ya gangaro Kumasi. Na sa rai in ga an ambaci Hausa. Babu. Kalmar daga harsunan wajen Saliyo da ƙasar Mande take, Temne suna cewa kola, Mandinka kolo. Da na huce na gane dalili. Bature ta teku ya zo, sunan da ya ji a bakin gaɓa shi ya rubuta. Mu kuwa da muka yi ɗaruruwan shekaru muna dakon goro a kan jakuna ta tudu, ba mu haɗu da jirginsa ba. Wannan ba laifin littafin ba ne, amma da ya ƙara layi biyu da mai karatu ya san haka.

Harmattan, hunturunmu, ya ce daga harshen Akan take, haramata, kuma ta shiga Turanci tun ƙarni na 17, wato ta bakin masu ciniki a gaɓar nan. Palaver, da muke ji kullum a Turancin kasuwa, daga palavra ta Fotugis take, magana ke nan, su ne suka gina ganuwar Elmina a 1482. Kwashiorkor babu ita a ciki sam. Baba ne ya cike mini giɓin: kalmar Ga ce, ta mutanen Accra, ciwon da yake kama yaron da aka yaye saboda an yi masa ƙane, kuma likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki da yara a ƙasar nan, ita ta shigar da ita rubutun likitoci a 1935. Trotro, chop bar, galamsey, duk babu. Wanda yake neman Turancin da ake yi a titin Kumasi ba wannan ne littafinsa ba.

Wata rana na tarar da Baba yana ba wasu ɗalibai biyu labarin boycott, na tsaya na saurara. Sunan mutum ne, Kyaftin Charles Boycott, wakilin mai gonaki a Ailan, wanda a 1880 manoma suka haɗa kai suka ƙi yi masa girbi, masu shago suka ƙi sayar masa, har mai kai wasiƙa ya daina zuwa gidansa. Sai Baba ya ɗora da cewa a Janairun 1948 Nii Kwabena Bonne na Uku ya jagoranci irin wannan ƙauracewa ga kayan kantunan Turawa a nan ƙasar saboda tsada, wata guda kafin a harbi tsofaffin sojoji a Accra ran 28 ga Fabrairu. Yaran sun zo sayen littafin lissafi ne, suka tafi da tarihi kyauta. Wannan shi ne shagon. Rabin abin da ake samu a cikinsa ba a kan kanta yake ba.

Amma kada in rufe ku, akwai abin da za ku haƙura da shi. Babu tsari ko kaɗan. In Baba ba ya nan, yaron da yake bari ba ya iya nemo komai, gara ku juya ku dawo. Ba ya buɗewa sai wajen ƙarfe goma, ran Juma'a kuma da wuri yake rufewa. Kuɗin hannu kawai yake karɓa, ba ya karɓa ta waya. Da damina danshi yana shiga, littattafan kanta ta ƙasa suna wari, wasu shafukan sun manne. Wanda ƙura take tayar masa da tari ya tsaya a waje ya faɗi abin da yake so. Kuma duk ƙamus ɗin da za ku saya, a nan ko a wani wuri, ku fara duba shafukan farko inda ake fassara gajerun haruffa, sannan ku duba har harafin Z yana nan. Ni zero sai ta cikin cipher na gano ta, dukansu daga sifr.

Ɗan ƙanena ya ce duk wannan yana cikin waya, me ya kai ni sayen littafin da gara ta ci. Gaskiya ne akwai shafukan intanet masu kyau a kan wannan fanni, da su muka cike haruffan da suka yage. Sai dai waya abin da ka tambaya kawai take ba ka. Takarda kuwa tana nuna maka maƙwabta. Ina neman magazine idona ya sauka a kan magnet, 'yan layuka kaɗan a ƙasa, na ga sunan wani yanki ne na Girkawa, Magnesia, inda ake samun dutsen da yake jan ƙarfe. Larabawa suka ari sunan daga Girkawa, mu kuma muka karɓa daga Larabawa muka ce maganaɗisu. Ina sayar da shi a cikin kowace sitata da kowace alteneta, ban taɓa tunanin in tambayi waya ba, domin ban san akwai abin tambaya ba.

Na ba 'yata amsarta, har da ayar. Yanzu littafin da rana yana shago, da dare yana gida, ita ce take ɗaukarsa bayan ta gama aikin makaranta, kuma ta fara rubuta waɗanda suka burge ta a bayan littafinta: nice da a da take nufin wawa, goodbye da ta taso daga addu'ar Allah ya kasance tare da kai, curfew da take nufin a rufe wuta. Makon jiya na koma wajen Baba na ba shi sidi 20 kafin alƙalami. Na ce idan kwalayen wata mai zuwa suka iso, ya ga irinsa mai bango, wanda ya kai har Z, ya ajiye mini. Ya rubuta a bayan kalandar da take rataye a ƙofa, ya ce in leƙo bayan sati uku.